Fiffiken Injin Surukina

Jirgina yana da wani hali da na daɗe ina fama da shi. Da zarar na murɗa totur sai ya ɗaga goshi sama, gindinsa ya nutse, ya kama tura ruwa da ƙirji yana gurnani, mai yana ƙonewa, tafiya kuma ba ta sauri. Ni da ke zaune a baya riƙe da hannun inji ba na ganin abin da ke gabana sai na miƙe tsaye. Ƙaramin jirgin faiba ne, na saye shi a hannun wasu masu kai baƙi kallon tsuntsaye wajen Dagona, lokacin da suka gaji da shi. Da rani ni mai gyaran injin ban-ruwa ne, ina bin fadamun shinkafa da jakar sifanoni. In damina ta yi nisa, ruwa ya raba ƙauyenmu da hanyar mota, sai in koma direban ruwa, in kai mutane Gashua in dawo da su.

Maganin wannan hali na jirgin a bakina yake. “Hajiya, matsa gaba! Kai mai buhu, can goshi! Malam, ba nan ne wurin zamanka ba!” Da nauyi ya koma gaba sai goshin ya sauka, jirgin ya hau saman ruwa ya miƙe sumul. Kuma ni a cikin jirgina ba na jin nauyin kowa. Na taɓa tayar da mai unguwarmu daga baya na zaunar da shi a kan kwalin banda, ya isa Gashua yana ƙamshin tarwaɗa, har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. Mutum ɗaya ne a duniya da ba zan iya ce wa ya tashi ya matsa ba, shi ne mahaifin maiɗakina.

Baba, haka nake ce masa, tsohon masunci ne, ƙato, mai faɗin kafaɗa, wanda ko a zaune yake sai ka ga ya cika wuri. Injin da ke bayan jirgina nasa ne. Da shi ya yi shekaru yana jan babban kwale-kwalensa, kuma duk bakin ruwan nan an san bai taɓa barin kowa ya ɗora masa guduma ba. Da ya ajiye sana’a ya ji na sayi jirgi ba inji, sai ya aiko mini da shi a amalanke, lulluɓe da tsohon bargo. Bai ba ni hannu da hannu ba, don tsakanina da shi babu irin wannan. Tun da na auri ’yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In durƙusa in ce, “Baba, ina kwana,” ya ce, “Lafiya,” shi ke nan an gama. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa, ta bakin ’yarsa take bi, ta je ta dawo.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi, ciwon da ya shiga gidaje da yawa a yankinmu. Likita ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda a Gashua duk mako, in aka tsallake jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Da rani ba matsala, a mota ake kai shi. A daminar da nake ba da labari ruwa ya zo da yawa, ya cinye hanyar tun da wuri, ya zama ba abin da zai kai Baba asibiti sai jirgina.

Ranar farko da aka riƙo shi zuwa bakin ruwa, bai tambayi kowa ba ya taka ya wuce baya, ya zauna dab da injinsa. Da gaskiyarsa. Gaba ruwa yake fantsama, kuma nan ne jirgi ke dukan igiyar ruwa, ga shi da ciwon baya, ga hannun da ake sa masa allurar wankin ba a son ya jiƙe ko ya bugu. Baya ne wurin da ya fi laushi. Amma ga ni ga shi, gwiwa na gogar gwiwa, ni ina kallon gabas shi yana kallon yamma. Maiɗakina ta zauna a gaba ita kaɗai, ita kuwa ba ta da wani nauyin kirki. Na murɗa totur, jirgi ya ɗaga goshi har na ga tafin ƙafarta.

Haka muka riƙa tafiya, muna tura ruwa. Na gwada ɗora buhunan yashi a gaba, goshin ya ɗan sauka amma jirgin ya yi nauyi, ya ƙara zama saniya. Na gwada ɗaukar fasinja biyu su zauna da ita, duk ɗaya. Tafiyar da ni kaɗai nake yi kafin rana ta yi zafi, da Baba sai hantsi ya dube mu muna tsakiyar ruwa, ba inuwa, ƙarar inji a kunnensa, hayaƙi a hancinsa. Wata rana don rashin ganin gaba na kusa hawa kan kwale-kwalen wani masunci mai duba gurar kamun kifi, ya zazzage ni tas a gaban surukina, ni da ba a fi ni baki ba na haɗiye. Wata ranar kuma muka isa an riga an ɗora wani a kan na’urar wankin, Baba ya wuni a benci yana jira, muka dawo da shi kamar tsumma.

Kwana kaɗan bayan wannan maiɗakina ta dawo daga gidansu da jajayen idanu.

“Baba ya ce ya gama zuwa Gashua,” ta ce. “Ya ce wahalar hanyar ta fi ciwon. In ruwa ya janye yana da rai, to. In kuma babu, ya gode.”

Ruwa kuwa ko alamar janyewa bai fara ba. Makon ya zo ya wuce Baba bai je ba. Ta roƙe shi, ƙannensa suka roƙe shi, liman ya je ya zauna da shi. Ƙafafunsa suka fara cika, ya daina kwanciya sosai sai jingine. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro, don na ga yadda wannan ciwo yake gamawa da mutum in aka bar shi. Ni kaɗai ne ban je roƙo ba, don ba hurumina ba ne. Abin da ke hurumina shi ne jirgi, kuma na san laifin na jirgi ne.

Lokacin da na sayi jirgin an haɗo mini da wani buhun tarkace: igiya, tsohuwar rigar ruwa, da wata baƙar roba mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, mai kama da fiffiken tsuntsu a buɗe. Ban taɓa damuwa da ita ba. Maiɗakina ma ta daɗe tana rufe tukunyar dusar awaki da ita. A wayata na ga wani ya ɗaura irinta a ƙasan injin jirgi, a kan ɗan faifan ƙarfen da ke saman farfela. Na kalla sau da yawa har na gane aikinta. In jirgi ya fara gudu, ruwa yana bi ta ƙarƙashin fiffiken ya tura gindin jirgin sama, goshi kuwa dole ya sauka. Aikin da nake sa mutane su yi da tashi da matsawa, ita za ta yi shi daga cikin ruwa, ba tare da an ce wa kowa uffan ba. Na je na ɗauke ta daga kan tukunyar, na wanke, na gwada a jikin injin. Ta zauna daidai. Saura abu guda: sai an huda faifan an ɗaure ta da noti.

Huda injin Baba! Kyautar suruki ba a yi mata haka sai da izininsa, ko da ta shekara goma a hannunka. Na tura maiɗakina ta tambaye shi. Ta je ta dawo.

“Me ya ce?”

“Bai ce komai ba. Ya juya fuskarsa bango.”

“To ai ya yarda ke nan.”

“Ya yarda? Maigida, ni na san ubana. Wannan shirun na ƙi ne.”

“In ƙi ne da ya faɗa. Baba bai taɓa jin nauyin cewa a’a ba.”

Ta dube ni ta girgiza kai. Ni ma a raina na san ta fi ni gaskiya, amma na riga na yanke. Ko ya yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarsa, ina son rayuwar ta yi tsawo.

Ban yi aikin a Gashua ba, don duk kwatar nan ba wanda bai san injin ba, kafin in huda rami ɗaya labari ya isa ƙauye. Na bar jirgin wurin wani abokina, na naɗe injin a buhu, na ɗora shi a a-kori-kura zuwa Nguru. A can akwai mai sayar da kayan injin ruwa da ke da noti na farin ƙarfe, wanda ba ya tsatsa, akwai kuma wani tsohon abokina mai walda, Babarbare, da ke da injin huda ƙarfe da janareta.

“Wushe, wushe!” ya gaishe ni da yarensu da ya gan ni. “Mutanen ruwa yau an fito tudu? Me ka ɗauko kamar gawa?”

Na kwance buhun na nuna masa. Ya juya fiffiken, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi dariya.

“Wannan roba? Ajiye ta. In yanko maka falangen ƙarfe mai kauri in liƙa da wuta, har jikokinka su gada.”

Shi a wurinsa komai na duniya walda ce maganinsa, ko ƙwai ya fashe zai ce a kawo. Na ce masa faifan alminiyam ne, wutarsa za ta narkar da shi, ga man giyar injin da robobinsa a kusa za su dahu. Abin huda kawai na zo aro, da inuwar rumfarsa. Ya ce to, ya ja kujera ya zauna kallo, yana jiran in ɓata.

Na rataye injin a tsaye a jikin wani katako, na cire kan fulogi don kada tsautsayi ya tayar da shi. Na wanke faifan da omo na goge. Na ɗora fiffiken a kansa, na karyo tsinken tsintsiya na auna dama na auna hagu har suka zo daidai, don in ya karkata ko kaɗan jirgi zai riƙa ja gefe guda. Na matse shi da filaya, na juya farfela da hannu in ga ko za ta taɓa. Ba ta taɓa ba, da sauran fili. Sannan na ɗauki ƙusa na sa ta cikin ramukan robar na yi alama a ƙarfen. Na sake aunawa. Mai walda ya ce in ina auna gona haka da na yi arziki.

Da na ɗora bakin injin hudar a kan alamar farko, sai da na tsaya. Fentin wurin ya koɗe daidai inda Baba yake kama shi in zai ɗaga. Na yi bisimilla na danna. Na fara da siririn baki, sannan na sake da mai kauri, a hankali, ba dannawa da ƙarfi, ɓarɓashin alminiyam yana fita fari yana murɗewa. Da ramukan suka cika na goge bakinsu, na ɗiga fenti a cikin kowanne don ruwa kada ya ci ƙarfen. Na jira ya sha iska. Na zura ƙusoshin ɗauri ta sama, wosha da noti ta ƙasa, ina ɗaure wannan kaɗan in tsallaka na ɗaya gefen, har suka kama gaba ɗaya. Ban matse su har ƙarshen ƙarfina ba, don roba in ka takura mata tsagewa take yi. Na kama fiffiken da hannu biyu na girgiza, injin duka ya motsa, shi bai motsa ba.

“Ba laifi,” in ji mai walda. “Amma da wuta ya fi.”

Washegari a Gashua na mayar da injin jirgi, na roƙi wasu masu dako biyu, manya, suka zauna mini a baya inda Baba yake zama. Gwajin farko bai yi daɗi ba. Goshin ya sauka har ya wuce kima, yana soka ruwa, hannun injin ya yi nauyi. Na fito gefe, na zare sandar ƙarfen da injin ke jingina a kai na matsar da ita rami ɗaya baya. Muka sake shiga. Wannan karon goshin ya ɗan ɗaga kamar zai yi halinsa, sai ya fasa, ya kwanta, jirgin ya hau ruwa ya miƙe da rabin totur. Masu dakon suka kama ihu. Na ga aibinsa ma tun a ranar: ƙarshen gudu ya ɗan ragu, kuma in ka ratsa bado ko kacalla fiffiken yana kwaso su, sai ka tsaya ka ɗaga inji ka cire. Wannan duk bai dame ni ba. Hanyar Gashua na san inda ciyawa take.

Na gyara jirgi, amma Baba yana nan a jingine a ɗakinsa, ya ce ba ya zuwa. Na daɗe da sanin halinsa daga nesa, yadda ake sanin halin suruki. Roƙo ba ya tayar da shi. Don haka na bari sai safiyar ranar da ake karɓarsa a asibiti, na ce wa maiɗakina ta je ta gaya masa an huda injin.

“Ni zan gaya masa? Ka san abin da kake ja wa kanka kuwa?”

“Na sani. Ki ce ramuka ne sosai, ba ɗaya ba.”

Daga baya ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce kalma biyu ya yi: “Ya huda?” Sai ya ce a miƙo masa sandarsa da hularsa.

Ina bakin ruwa na ɗaga injin sama, fiffiken yana ɗiga, na hango su. Yana tafe a hankali, hannu ɗaya a sanda ɗaya a kafaɗarta, yana tsayawa yana maida numfashi, ƙafafun nan ko takalmi ba su shiga ba sai silifa. Fuskarsa a ɗaure. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Ya wuce ni ya shiga ruwa har idon sawu, ya sunkuya a kan injin. Ya bi notin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa ƙasa. Ya juya farfela. Ya kama fiffiken ya girgiza, kamar yadda na yi a Nguru.

Mu uku muna tsaye inda hannu zai iya kaiwa ga kowa, amma ’yarsa ya kalla.

“Tambaye shi, ya sa wani abu a ramukan, ko haka ya bar ƙarfen tsirara?”

Ta juyo. Na ce mata ta gaya wa Baba na sa fenti, ya bushe kafin in ɗaure.

“Ya ce ya sa fenti, Baba.”

“Na ji. Tambaye shi, wannan abin me yake yi?”

Na ce ta gaya wa Baba a baki ba zai faɗu ba, sai a ruwa.

Ya tsaya yana kallon injin, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ni kuwa na san in ya juya ya koma gida, ba ni da wata dabara bayan wannan.

“Gaya masa ya tayar, in ji kukansa,” ya ce. “Zuwa kwanar can kawai.”

Muka riƙe shi ya shiga, ya zauna a wurinsa. Ita ta wuce gaba. Na sauke injin, na ja igiya, ya kama da bugu ɗaya. Na fitar da mu daga kacalla a hankali, da muka samu fili na murɗa. Goshin ya taso, na ji Baba ya kama gefen jirgi yana jiran abin da ya saba. Sai gindin ya ɗago a ƙarƙashinmu, goshin ya kwanta, gurnanin ya koma wata siririyar ƙara, ruwa ya buɗe a gabanmu har bakin itatuwa. Iska ta fara dukan fuska. Ta gefen ido na ga ya saki gefen jirgin, ya ɗora tafinsa a kan murfin injin, yana sauraro da hannu.

Muna dab da kwanar iska ta fizge hularsa. Na waiga na gan ta tana yawo a kan kumfar da muka bari. Dattijo kamarsa, kai a buɗe, a gaban surukinsa! Nan take na fara sassauta totur don in juya.

“Bar ta.”

Da ni yake. Ba ta bakin kowa ba.

“Kada ka rage wuta, ɗana. In ka rage zai sake nutsewa. Miƙe.”

Na mayar da totur inda yake. Kwanar ta zo, na bi ta, ta wuce bayanmu, bai ce a juya ba. A gaba maiɗakina ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa. Ni ma idona ya cika, ga shi hannu ɗaya yana kan inji. Da ɗayan na cire hulata, na miƙa masa ta gefe, ina kallon ruwa. Ya karɓa. Ta yi masa kaɗan, a tsakiyar kai ta tsaya, sai ya dafe ta da lafiyayyen hannunsa, kuma haka ya riƙe ta har muka hango rumfunan kwatar Gashua.